Shiga Sana'ar GIS Daga Legas: Tambayoyin Da Matasanmu Ke Yawan Yi

Na yi shekaru ina cin abinci da taswira a Legas, kuma da wuya mako ya wuce ban gamu da ƙane ko ƙanwa mai tambayar yadda ake shiga wannan sana'a ba. Wani bayan an sauko Juma'a a Agege, wata ta waya daga Idi-Araba, wani kuwa mahaifinsa ne zai tare ni a Mile 12 ya ce, "Malam, yaron nan ya gama bautar ƙasa, ga shi zaune." Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wai mene ne GIS ɗin nan?

GIS (Geographic Information System) hanya ce ta haɗa bayani da wurin da ya shafa, a cikin kwamfuta, don a amsa duk tambayar da ke da "ina" a cikinta. Ɗauki littafin da mai rarraba ruwan leda yake rubuta shagunan da yake kai wa kaya. Littafin zai nuna masa wanda ya biya da wanda yake bi bashi, amma ba zai nuna masa cewa shaguna goma sha biyu suna kan layi ɗaya a Dopemu ba, alhali motarsa tana shiga layin sau uku a mako ba gaira ba dalili. Ranar da aka ɗora kowane shago a kan taswira, da sunansa da yawan kayan da yake karɓa, ranar aka fara GIS.

Mai wannan aiki yana jera bayanai hawa-hawa, abin da 'yan sana'a ke kira leya: leyar tituna, leyar magudanan ruwa, leyar asibitoci, leyar gidaje. Sai ya ɗora wannan a kan waccan ya yi tambaya: waɗanne gidaje ne suka fi nisa da asibiti? Wace unguwa ruwa zai fara ci? Misalin da ake fara koyarwa da shi na likita John Snow ne, wanda a 1854 ya ɗiga gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, ya ga sun taru ne kewaye da famfon ruwa guda ɗaya. Shigar abin cikin kwamfuta kuwa a Kanada aka fara, a shekarun 1960, ƙarƙashin Roger Tomlinson, lokacin da gwamnati ke son ƙididdige filayen ƙasar.

Ba aikin safiyo ba ne ke nan?

'Yan gida ɗaya ne, amma kowa da ɗakinsa. Safiyo shi ke zuwa fili da na'ura ya auna iyaka, ya kafa dutse, ya sa hannu a takardar da hukuma da kotu za su karɓa. A Najeriya hukumar SURCON, wadda aka kafa da dokar 1989, ita ke yi wa safiyo rajista, kuma wanda ba shi da rajistarta ba shi da hurumin sa hannu a takardar awon fili. Mai GIS yana karɓar abin da safiyo ya auna, ya haɗa da hoton tauraron ɗan'adam da ƙididdigar jama'a da sauransu, ya fitar da ma'ana.

Ina jaddada wannan ne saboda ranar da 'yan unguwa suka ji kana "aikin taswira", wani baba zai kawo maka takardar filinsa na Mowe ko Ikorodu ya ce ka zana masa. Ka ba shi haƙuri, ka haɗa shi da safiyo mai rajista. Rigimar fili a Legas ba abin da za ka sa sunanka a ciki ba ne don 'yan dubbai.

Sai wanda ya karanta labarin ƙasa a jami'a?

A'a. Masu labarin ƙasa da safiyo da tsara birane su suka fi yawa, kuma suna da sauƙin farawa don sun riga sun san taswira. Amma na yi aiki da wadda ta karanta kiwon lafiyar al'umma, da wanda ya yi aikin gona, da wanda ya yi lissafi. Sau da yawa ma irin waɗannan sun fi saurin samun gurbi, domin sun san tambayar da fanninsu ke bukata, GIS kuma ta zame musu kayan aiki. Wadda ta san yadda ake tsara rigakafi, in ta iya taswira, ta fi ƙarfin wanda ya iya taswira kawai.

Inda takarda ke da nauyi shi ne aikin gwamnati da manyan kamfanonin mai, waɗanda tun a sanarwa suke fayyace irin digirin da suke so. A sauran wurare abin da ka yi da hannunka ake dubawa. Duba amsar tambaya kan aikin farko.

A ina ake koyo?

A nan Legas, Jami'ar Legas da ke Akoka tana da sashen safiyo da ilimin bayanan ƙasa, tana kuma da sashen labarin ƙasa. In za ka iya fita kaɗan, akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya a garin Oyo, da cibiyar AFRIGIST, wadda a da ake kira RECTAS, a harabar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ita wannan ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa. Wanda zai koma gida karatu, akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Bayero a Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Amma kada ka jira gurbin karatu kafin ka fara. Manhajar QGIS, wadda ake aikin GIS da ita, tana da littafin koyarwa kyauta a shafinta, darasi bi da darasi, har da bayanan gwaji. Kamfanin Esri, mai yin manhajar ArcGIS, shi ma yakan buɗe kwasa-kwasai na 'yan makonni kyauta a intanet. Awa biyu kullum na wata uku, in da gaske ake yi, sun isa mutum ya fitar da taswirar da ba zai ji kunyar nunawa ba.

Cibiyoyin horo na kuɗi sun cika Ikeja da Yaba, akwai nagari akwai na banza. Kafin ka biya, ka tambayi abu biyu: shin da bayanan Najeriya za a koyar, ko da na wani gari a Amurka? Kuma ina aikin da ɗaliban baya suka yi? Wanda ya yi maka alkawarin zama gwani cikin kwana biyar, satifiket zai sayar maka.

Wace irin kwamfuta nake bukata? Ba ni da kuɗin sabuwa.

Ba sai sabuwa ba. Laftof ta hannu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ta wadatar, in dai RAM ɗinta ya kai giga 8 (16 ya fi), kuma ma'ajiyarta SSD ce. Ka je da wanda ya san kan abin, ka kunna ta a gabansu, ka zauna ka ga yadda batir ke sauka, don batir shi ne rabin aikinka a ranar da babu wuta. Ka ƙara da linzami na waje. Zanen gidaje ɗari biyar da ɗan yatsa a kan faifan laftof azaba ce. Wayarka ta Android kuwa ita ce na'urar fili ta farko: da manhajar KoboCollect ko QField za ka ɗauki wuri, da hoto, da amsoshin tambayoyi, ko babu sabis.

QGIS zan fara da ita ko ArcGIS?

Fara da QGIS. Kyauta ce, tun 2002 ake gina ta, tana hawa kan ƙaramar kwamfuta, kuma babu abin da mai farawa zai nema ya rasa a cikinta. ArcGIS ta kamfanin Esri ce, na Kalifoniya, da lasisi ake amfani da ita, kuma ita ce za ka fi tararwa a kamfanonin mai da manyan ofisoshi. In ka zo koyonta, ArcGIS Pro za ka koya, ba tsohuwar ArcMap da kamfanin ya riga ya juya wa baya ba, ko da ita malaminka ya saba.

Abin da na gani shi ne wanda ya fahimci dalilin kowane mataki a QGIS, mako biyu sun ishe shi ya saba da ɗayar. Wanda kuwa wurin dannawa kawai ya haddace, da an canza fuskar manhaja sai ya tsaya cik. Kuma ina roƙonka ka bar kwafin sata da ake sa wa mutane a kasuwa. Ban da haramcin abin, ranar da ta lalata maka aikin wata guda babu wanda za ka kai wa kuka.

Ina zan samo bayanan da zan yi gwaji da su?

Sun fi yadda kake zato yawa. OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta a intanet wadda aka fara a 2004, tana da tituna da gine-gine, kowa na iya saukewa, kowa na iya gyarawa. Shirin GRID3 yana da iyakokin ƙananan hukumomi da mazaɓu, da matsugunai, da asibitoci da makarantu na Najeriya. Hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, na Tarayyar Turai, kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa, kuma taurarin suna dawowa kan wuri kusan duk kwana biyar. Landsat na Amurka ɗigonsa ya fi girma, mita 30, amma tarihinsa ya koma har 1972. Da shi za ka jera hotunan Lekki na shekarun 1980 da na yau, ka ga da idonka yadda gini ya cinye fadama.

Abu biyu da Legas za ta koya maka. Na farko gajimare: da damina za ka sauke hoto goma ka ga fari fat. Ka nemi na Disamba zuwa Fabrairu, ko ka koyi amfani da Sentinel-1, wanda da rada yake aiki, gajimare ba ya tare shi. Na biyu iyakoki: tsarin mulki ya san ƙananan hukumomi 20 a Legas cikin 774 na ƙasa, amma jihar tana aiki da ƙarin yankunan raya ƙasa 37. Yawancin bayanan da za ka sauke na 20 ɗin ne. In wanda ya ba ka aiki yana maganar Orile-Agege a matsayin yanki mai zaman kansa, kai kuma taswirarka Agege kawai ta sani, lissafinku ba zai taɓa haɗuwa ba. Ka tambaya tun farko.

Na ɗora wuraren da na ɗauka, sai suka faɗa cikin teku. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa mini da daddare. Legas tana wajen digiri 6.5 arewa, 3.4 gabas. In ka musanya su, ka sa latitud (lambar arewa) a gurbin longitud (lambar gabas), wurin zai koma 3.4 arewa, 6.5 gabas, wato cikin ruwa, kudu da gaɓar Neja Delta. Manhaja tana neman X da Y; X shi ne longitud, Y shi ne latitud, alhali bakinmu ya saba faɗin latitud da farko. In kuma ɗigon ya tafi can ƙasan Ghana a tsakiyar teku, to gurbin babu komai ne aka karanta shi sifili da sifili.

Matsalar da ta fi wannan haɗari ita ce wadda ido ba ya kamawa nan take. Wayarka da Google suna aiki da tsarin auna wuri mai suna WGS 84. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawancin takardun safiyo kuwa a kan ma'aunin Minna suke, wanda aka gina a kan siffar duniya ta Clarke 1880. Lamba ɗaya a tsarin biyu ba wuri ɗaya take nunawa ba. Tazarar takan kai gomman mitoci. Na taɓa karɓar aikin wani kamfani inda aka ɗora filaye na Minna a kan hoton tauraro ba tare da an juya su ba. Kowane fili ya gusa, katangar wannan ta ratsa ɗakin maƙwabcinsa, layin ƙarshe kuma ya hau kan kwalta. Wata biyu suna aiki a haka, har sun fara rubuta wa mutane takardar cewa sun shiga hanya. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba, amma da takardun nan sun fita, da an zalunci bayin Allah.

Don haka duk fayil ɗin da ya shigo hannunka, tambayar farko ita ce: a wane tsari yake? Kuma in za ka auna nisa ko faɗi, kada ka auna da digiri, don digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Ka juya zuwa UTM, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya, mai aiki da mita. Najeriya ta ratsa shiyya uku: Legas da Sakkwato da Birnin Kebbi suna 31, Kano da Kaduna da Abuja suna 32, Maiduguri da Yola suna 33. Kowane tsari yana da lambar da manhaja ke gane shi da ita. Lambobi uku za ka haddace don aikin Legas: 4326 na WGS 84 da digiri, 32631 na WGS 84 a shiyya ta 31, da 26331 na Minna a shiyya ta 31.

Wane aiki zan fara yi, tunda ba wanda ya ba ni aiki?

Ka ba kanka. Kuma kada ka je nesa: da ɗan gari akan ci gari. Buɗe OpenStreetMap ka duba unguwarku. Titunan Ikoyi da Victoria Island za ka same su tsaf, amma shiga lungunan Zangon Agege ko bayan Idi-Araba ka ga yawan abin da babu: masallatai, islamiyyu, kemis, rijiyoyin burtsatse, kwalbatin da ke toshewa duk Yuni. Kai ka san su, ka san sunan da mutane ke kiran kowane layi, wanda sau da yawa ba shi ne a kan allo ba. Baƙon da aka turo daga ofis zai yi mako bai gano abin da kai ka sani tun kana yaro ba.

Ga misali. Ka tsara 'yar takardar tambaya a KoboToolbox (shafin da ake tsara tambayoyin da KoboCollect ke ɗauka), ka zaga da waya ka ɗauki duk wurin ɗibar ruwa a mazaɓarku: ina yake, na wane ne, yana aiki ko ya lalace, nawa ake sayar da jarka. Ka shigar da su QGIS, ka zana da'irar mita 200 kewaye da kowane mai aiki, ka ƙirga gidajen da suka faɗa waje. Yanzu kana da amsa, ba ado kawai ba. Ko ka zauna da direbobi da dillalai a Mile 12 ka tambayi daga ina tumatir da albasa da tattasai ke zuwa a kowane wata, ta wace hanya, kwana nawa. Taswirar da za ta fito daga wannan hira, wanda ba ya jin Hausa ba zai iya yin ta ba. A 2019 an yi irin wannan a Makoko, unguwar nan ta kan ruwa a Legas, inda ƙungiyar Code for Africa ta horar da matasan unguwar suka zaga cikin kwalekwale suka sa wurarensu a taswira.

Ayyuka uku irin wannan sun isa kundin da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki. Kowanne ka rubuta masa shafi ɗaya: tambayar, inda bayanan suka fito, abin da ka yi, abin da ka gano, da inda bayanan suke da rauni. Ka ajiye aikinka a nau'in fayil na GeoPackage maimakon shapefile, don shapefile yana yanke sunan gurbi a harafi goma, kuma in ba a saita shi a tsarin haruffa na UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya. Kafin ka fita fili kuma, karanta amsar da ke ƙasa kan aikin fili.

Dole sai na koyi kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni?

Ba dole ba ne a wata shida na farko, amma shi ne ke raba mai zane da mai nazari. Ka fara da Excel sosai, don rabin aikinmu wanke bayanai ne: suna ɗaya an rubuta shi Oshodi, Osodi, OSHODI, kai za ka daidaita. Daga nan SQL, wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya, musamman PostgreSQL da PostGIS. Sai Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni. Ranar da aka ce ka fitar da taswira iri ɗaya ga ƙananan hukumomi 20 kafin Azahar, za ka gane amfanin layi talatin na Python. Mai sha'awar hotunan tauraro ya ƙara da Google Earth Engine, inda aikin ke gudana a kwamfutocinsu, taka laftof ɗin umarni kawai take turawa. Wannan babban sauƙi ne ga mai sayen data da kuɗinsa.

Su wa ke ɗaukar masu GIS a Legas?

Kamfanonin rarraba wuta, Ikeja Electric da Eko, suna bukatar sanin inda kowace taransifoma da turke da mita suke. Kamfanonin sadarwa da masu kafa musu hasumiya da masu binne wayar faiba suna aiki da taswira kullum. Akwai masu kai saƙo da kaya, da kamfanonin kayan masarufi masu son sanin shagunan da motocinsu ba sa kaiwa, da masu gine-gine a Lekki da Ibeju da Epe, da kamfanonin mai, da masu nazarin muhalli da ake ɗauka kafin a fara babban aiki. A gwamnatin jiha akwai ofishin filaye da na babban safiyo da ma'aikatar tsara birane a Alausa, da LAMATA mai kula da sufuri, da LAWMA mai kwashe shara.

Sai dai da yawa daga cikin guraben ba a rubuta musu GIS a sanarwa. Za ka ga ana neman mai nazarin bayanai, ko jami'in sa ido da tantancewa, ko mai tsara hanyoyin rarraba kaya. Ka karanta bayanin aikin, ba sunansa kawai ba. Kuma ƙananan kamfanonin safiyo da ke karɓar kwangila daga manya su ne ƙofar da yawancinmu muka bi. In kana makaranta, ka nemi yin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, a irinsu. In bautar ƙasa za ka, ka nemi takardar buƙata daga wurinsu tun kafin ka fito sansani. Ka riƙa zuwa tarukan GEOSON, ƙungiyar masu wannan sana'a a Najeriya, da na masu OpenStreetMap, da Ranar GIS da ake yi duk Nuwamba. A irin wuraren nan ake jin labarin aiki kafin ya fita.

Akwai kuɗi a ciki?

Akwai rufin asiri, kuma hawa-hawa ne. Matakin ƙasa shi ne ɗaukar bayanai a fili da zane a kan hoto, inda ake biya da kwana ko da yawan abin da ka yi, kuma kwangila ce ta makonni. Sama da shi mai nazari, wanda ke da albashi. Sama kuma mai kula da rumbun bayanai, da mai gina taswirar intanet. Su ne kasuwa ke nema ruwa a jallo, su ne kuma ke samun aikin waje daga ɗakinsu. Haɗarin shi ne mutum ya shekara biyar a matakin farko don yana ganin ɗan canji. Duba amsar kodin.

Kafin ka karɓi aikin kwangila, a rubuta: nawa, yaushe, wa ke biyan kuɗin mota da data, kuma me zai faru in an ƙi karɓar wasu daga cikin wuraren da ka ɗauka. A Legas kuɗin mota daga Agege zuwa Ajah da dawowa yana iya cinye ladan yinin.

Yaya aikin fili yake? Mace za ta iya?

Zafin rana ne, da tafiya, da haƙuri da mutane. Mai waya yana ɗaukar hoton gini a Legas, abin da ke fara zuwa zuciyar mazauna shi ne rusau ko haraji, kuma suna da dalilinsu. Kada ka fara aiki a unguwa sai ka gaida masu ita: baale (mai unguwa a wajen Yarbawa), ko Sarkin Hausawa, ko shugaban kasuwa, ko 'yan ƙungiyar masu gidaje. Ka riƙe katin shaida da wasiƙa, ka bayyana abin da za a yi da bayanan da gaskiya. Sunan mutum da lambarsa da inda yake kwana amana ce. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma ko babu doka bai dace ka watsa gidajen mutane a intanet don ka burge mai ɗaukar aiki ba. Ta fuskar na'ura kuma, GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci, ya fi haka a tsakanin dogayen benaye ko ƙarƙashin rumfar kwano. Ka fito sarari, ka tsaya lambar kuskure ta sauka kafin ka adana.

Mace za ta iya, kuma akwai ƙofar da ita kaɗai ke buɗe wa. A binciken lafiya ko na gidaje a unguwanninmu, namiji yana tsayawa a zaure, ita kuwa tana shiga har ɗaki ta ji gaskiyar magana daga bakin matan gida. Wadda kuma fita ba ta yi mata ba, mafi yawan aikin GIS a zaune ake yin sa, kuma na san masu aure da ke yin nazari da zane daga gida.

In sayi duron, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi, in fara da shi?

Ba yanzu ba. Tashi da shi don aiki yana bukatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi Agege da Ikeja da Oshodi duk suna gefen filin jirgin Murtala Muhammed. Tuƙin ma shi ne ɓangare mafi sauƙi. Gwanintar tana wajen haɗa ɗaruruwan hotuna su zama taswira ɗaya mai daidaito, kuma wannan za ka iya koya da manhajar OpenDroneMap da hotunan gwaji na kyauta, ba tare da ka mallaki ko farfela ba.

In na iya, in zauna a Legas ko in koma gida?

Legas ta fi yawan kamfanoni, kuma matsin aikinta yana gasa mutum da wuri. Amma Arewa ba ta rasa aiki ba. Abuja tana da AGIS, Kaduna KADGIS, Kano KANGIS, Nasarawa NAGIS, duk don rajistar filaye. Hukumar sararin samaniya NASRDA, wadda ta harba NigeriaSat-1 a 2003, tana Abuja, haka ofishin babban safiyo na tarayya. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan GIS da aka taɓa yi a ƙasar nan ma a Arewa aka yi shi: zana rugage da ƙauyukan da ba sa kan kowace taswira, da bin sawun masu rigakafin shan inna ta wayoyi masu GPS, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a ciki, kafin a tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna (wild polio) daga Afirka a Agustan 2020.

Shawarata ita ce ka yi shekara biyu ko uku a nan ka goge, kana riƙe da zumuncin can. Kamfanonin Legas da yawa suna da aiki a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma suna wahalar samun wanda ya iya manhaja, yake jin harshen, ya kuma san yadda ake shiga gari. Ka rubuta Hausa a takardar neman aikinka, a sama, ba a layin ƙarshe ba.

Me ake tambaya a intabiyu?

Bambancin bekta da rasta, wato bayanan ɗigo da layi da fili a gefe guda, da na hoto a ɗaya gefen. Yadda za ka haɗa tebur na Excel da taswira. Abin da za ka yi in leya biyu sun ƙi hawa kan juna, wanda amsarsa tana cikin tambayar teku a sama. Wurare da yawa za su ajiye maka laftof da fayil mai datti su ba ka awa ɗaya. Kada ka yi gaggawar zuba launi. Buɗe teburin, duba tsarin, nemi wuraren da aka maimaita da guraben da babu komai, ka gaya musu abin da ka gani. Taswirar da za ka miƙa ta kasance da take, da ma'auni, da bayanin alamomi, da inda bayanan suka fito. Ka tafi da kundinka a waya da kuma bugagge a takarda, ka fito da wuri saboda cunkoso, in kuma gadar Third Mainland za ka hau, ka ƙara awa guda a kan lissafinka.